Gwangwani Bai San Nauyin Madara Ba

'Yata, jawo tabarma ki zauna, yau ina da magana da ke a kan wani ɗan ƙaramin abu, wanda na san idan na faɗe shi a majalisa dariya za a yi mini, a ce dattijo ya rasa abin yi, ya bar zancen duniya ya shiga madafi yana ƙirga cokulan madara. To, a yi dariyar, ba komai. Ni dai da idona na ga jarin da ya narke, na kuma ga yarinya mai hankali tana share hawaye da bakin zani, duk a kan abin da bai wuce bambancin gwangwani mai tozo da shafaffe ba. Na san ke ba malalaciya ba ce, ba kuma mai ha'inci ba. So kike girkinki ya fito yadda kika yi niyya, idan kuma sana'a kike yi ki tashi da ribarki ta halal. Shi ya sa nake so ki ji daga bakina cewa kofi da gwangwani da cokali wuri kawai suke aunawa, ba su san nauyi ba, ita kuwa madarar gari da nauyinta take aiki a tukunya.

Bari in ba ki labarin abin da ya faru a gidana. Autata, da ta gama sakandare tana jiran sakamako, ta ce ita ba za ta zauna hannu rabbana ba, yogot za ta riƙa yi tana sayarwa a unguwa. Gwaggonta ce ta koya mata ta waya: gwangwani kaza na madara, ruwa roba kaza, a dama, a bari ya huce har ya dawo ɗumin da yatsa zai iya jurewa, a zuba iri, a rufe a lulluɓe da bargo zuwa safe. Aka yi sa'a na farko ya kama kirtif, na biyu ma haka, har maƙwabta suka fara aiko yara da kwanuka. Ana nan sai wata maƙwabciyarmu ta haihu, aka ba autar aikin yogot ɗin ranar suna. Ta karɓi kuɗi ta tafi kasuwa, ta tarar madarar da ta saba saya ta ƙare, mai shagon ya auna mata wata daga wani buhun, ya ce wannan ma ta fi waccan saurin narkewa, kuma gaskiya ya faɗa. Ta dawo ta ƙirga gwangwanayenta cif yadda ta saba, ba ta rage ko ɗaya ba, ta kwanta da murnarta. Da asuba ta ɗaga bargo, sai ga abu tsululu, kamar an wanke ƙwaryar nono an tara ruwan.

Kin san halinmu. Kafin rana ta fito an riga an yanke wa mai shago hukunci, wai ya gauraya madarar da gari, an zargi irin da aka zuba, har an fara ƙus-ƙus ɗin ko bakin mutane ne ya kama sana'ar. Ni ban ce uffan ba sai da aka sallami mai jego da abin da ya samu aka natsu, sannan na aika aka aro mini ɗan sikelin nan mai batir a wurin wani mai sayar da kayan kek. Akwai sauran tsohuwar madarar a gindin roba. Na ɗora gwangwanin a kan sikeli, na danna maɓallin da ke mayar da shi sifili don kada nauyin gwangwanin ya shiga lissafi, na cika shi da tsohuwar, na shafe bakin da bayan wuƙa, muka duba. Na juye na cika da sabuwar, na shafe, muka sake dubawa. Sabuwar ta gaza da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Ke nan inda take zaton ta zuba gwangwani 8, a haƙiƙa madarar gwangwani 6 ta zuba, ruwan kuwa yana nan yadda yake. Don in ƙara nuna mata, na buga gindin gwangwanin a ƙasa sau uku, sai ga madarar da ta cika fal ta zauna, ta bar fili a sama kamar kaurin ɗan yatsa. Ta yi shiru tana kallo, can ta ce, Baba, ashe mutumin nan bai cuce ni ba. Na ce bai cuce ki ba, ke ma ba ki yi kuskuren ƙirga ba, gwangwanin ne aka tambaye shi abin da bai sani ba. Washegari sai da na sa ta koma ta nemi yafiyarsa, domin zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, balle wanda bai zama ba.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Madarar shanu yadda aka tatso ta, kusan kashi 87 cikin 100 ruwa ce, sauran 13 ɗin su ne maiƙo da sinadarin gina jiki da zaƙin madara da sauransu. A masana'anta sai a fara ƙafar da wani ɓangare na ruwan, sannan a fesa ta kamar yayyafi a cikin wani dogon rumbun ƙarfe mai iska mai zafi, kowane ɗigo ya bushe tun kafin ya kai ƙasa. Wata madarar haka ake barinta, gari mai laushi mai zama daram a cikin mazubi. Wata kuma sai a sake bi ta kanta, a sa ƙananan ƙwayoyin su manne da juna su zama 'yan dunƙulai masu rami a ciki, don da ta taɓa ruwa ta narke ba tare da gudaji ba. To wannan ta biyun iska ce ta cike tsakaninta, ta fi cin wuri, ta kuma fi sauƙin nauyi. Ki ɗauki mudun masara a hannun dama, mudun gugguru a hagu, ai ba sai an gaya miki wanne ya fi ƙosar da gida ba, alhali duka masara ce, mudun ma ɗaya ne. Ga shi kuma da yawa daga cikin madarar buhu da ake aunarwa a kasuwanninmu, an cire mata man shanunta an maye gurbinsa da man tsirrai, shi ya sa ta fi araha, ita ma da nata irin zaman a gwangwani. Duk da suna ɗaya muke kiransu, madarar gari.

Yanzu ki ɗauko biro, akwai 'yan lambobin da nake so ki riƙe. Kofin awo irin wanda littattafan girkin Amurka suke nufi yana cin kusan mililita 240. Idan kika cika shi da ruwa nauyin ruwan giram 240 ne, domin shi ruwa kaɗai Allah ya yi shi mililita ɗaya giram ɗaya. Idan sukari ne, giram 200. Idan fulawa ce, 120 ko ɗan sama da haka. A jadawalin abinci na ma'aikatar gona ta Amurka, wannan kofin idan aka cika shi da madarar gari mai cikakken maiƙo giram 128 ne, idan wadda aka cire wa maiƙo ce mai laushi 120, idan kuwa wadda aka cire wa maiƙo ce aka mayar da ita mai saurin narkewa, giram 68 kacal. Ki duba tazarar da ke tsakanin 128 da 68, kusan ninki ce. Babban cokalin awo mililita 15 yake ci, 16 ne suke cika kofi, don haka shafaffensa na madara mai maiƙo kamar giram 8 ne. Ƙaramin cokali mililita 5 ne, uku ke yin babba ɗaya, madarar cikinsa ba ta kai giram 3 ba. Amma ki riƙe waɗannan a matsayin sandar dogarawa kawai, domin Peak da Nido da Dano da Cowbell da ta buhu kowacce da yadda aka sarrafa ta, kuma ta hannunki tana iya yin sama ko ƙasa da abin da na faɗa.

Abin da ba ya canzawa shi ne nauyin da ake buƙata. Idan kina so ki mayar da madarar gari mai maiƙo ta koma kamar yadda aka tatso ta, giram 130 ko kusa da haka za ki dama da ruwa mililita 900, sai ki sami lita ɗaya. Ke nan gwangwanin nan mai giram 400 lita 3 yake bayarwa da ɗan ragowa. Idan girki ya ce kofi ɗaya na madarar ruwa ba ki da ita, giram 30 ya ishe ki, wato shafaffen babban cokali 4, ki zuba a kofin ki ƙara ruwa har ya cika. Idan yogot mai kauri kike so, ki haura 130 ɗin, ki gwada 150, ki ga yadda ya yi miki, amma ki haura kina sane da cewa kin haura. Sauran duk ninkawa ne da rabawa irin na firamare. An ba ki kofi kina neman giram, ki ninka yawan kofin da nauyin kofi ɗaya. An ba ki giram kina neman cokali, ki raba da nauyin cokali ɗaya: giram 60 a raba da 8, cokali 7 da rabi ke nan. Idan kuma akwai bayanin yadda ake damawa a jikin gwangwani ko buhu, ki fifita shi a kan nawa, mai abu ya fi kowa sanin abinsa.

Inda na fi jiye miki shi ne girkin da kuke gani a waya. Wata baiwar Allah a can Amurka za ta ce a sa rabin kofin madarar gari a kwaɓin burodi, ta nufi irin tasu marar maiƙo mai saurin narkewa, giram 34 ke nan. Ke kuma a nan ki cika rabin kofi da taki mai maiƙo, ki zuba giram 64, ki ninka ba ki sani ba. Kwaɓin ya yi tauri ya ƙi tashi yadda ya kamata, a tanda kuma bayan burodin ya yi duhu tun cikin bai nuna ba, saboda yis ɗin burodi ba ya cin zaƙin madara, sai ya zauna a kwaɓin wuta ta soya shi. Sai ki ce tandarki ce ba ta da kyau, ko ke ce ba ki da hannun burodi, ki karaya a kan laifin da ba naki ba. Kofin ma ba ɗaya ba ne a duniya: a Ostareliya mililita 250 ne, babban cokalinsu kuma 20. Turawa suna da wani awo wai shi oza, shi ma kashi biyu ne, na nauyi giram 28, na ruwa kusan mililita 30, wanda bai kula ba sai ya haɗa su. Ba sai mun je nesa ba ma. Ɗan gwangwanin madarar ruwan nan da iyayenku suka mayar ma'auni, wanda aka daɗe ana rubuta giram 170 a jikinsa, wannan nauyin madarar ruwan da ta zo a ciki ne. Idan kika cika shi da ta gari, kusan rabin haka za ki samu. Na sha jin mata suna lissafi da 170 ɗin nan, suna mamakin inda kuɗinsu ya shige.

Na san za ki ce, Baba, ni fa ba ni da sikeli. Idan da hali ki saya, ɗan ƙarami mai batir, kuɗinsa bai kai asarar tukunyar suna guda ɗaya ba. Idan babu hali ki ara na yini ɗaya, ya isa. Ki auna kofinki da ruwa tukuna, giram ɗin da ya nuna shi ne mililitar da kofin yake ci, sannan ki goge shi ya bushe ƙayau ki auna madararki sau uku, ki ɗauki na tsakiya. Idan aron ma bai samu ba, akwai dabara. Ki sayi madarar da aka rubuta nauyinta, a ce mai giram 400, ki riƙa cika gwangwanin awonki kina juyewa a busasshiyar roba kina ƙirgawa har ta ƙare. Idan ta ba ki 5, kin san kowane gwangwani giram 80 ne na wannan madarar. Na wannan madarar na ce, ki riƙe wannan da kyau, domin ranar da kika sake wata, sabon awo ya hau kanki.

Sai kuma ladabin hannu, wanda shi ba a sayensa. Ki zaɓi hanya ɗaya ki tsaya a kanta. Ni dai shawarata ki ɗan motsa madarar ta saki jiki, ki riƙa ɗiba da cokali kina zubawa a kofi har ya yi tozo, kada ki danna, kada ki girgiza, sannan ki shafe bakin da bayan wuƙa. Tozo ba ma'auni ba ne, tozon safiya da kike cikin nishaɗi daban yake da na dare da kika gaji yara suna kuka. Da damina kuma ki ƙara kula, madarar gari tana shan danshin iska ta dunƙule, wadda ta dunƙule kuwa zamanta a kofi ya canza. Ki rufe murfi ruf, kada jiƙaƙƙen cokali ya shiga ciki.

Idan sana'a kike yi, zo mu yi lissafin buhu, a nan ne ƙaramin abu yake nuna girmansa. Buhu mai kilo 25, idan giram 130 kike sawa a kowace lita, zai ba ki kamar lita 192. Idan hannunki yana zarcewa zuwa 150 ba ki sani ba, lita 167 za ki samu. Lita 25 sun tafi a buhu ɗaya, ba ɓarawon da ya shigo, ba wanda ya ci bashi ya gudu, sai ki ga ana ta ciniki jari yana ramewa, ki fara kallon yarinyar da take miki talla da wani irin ido. Idan kuma ta ɗaya ɓangaren hannun ya karkata, masu saya ne suke biyan kuɗin madara suna shan ruwa. Ba ina cewa wadda ta yi kuskure cikin rashin sani ta zama mai tauye mudu ba, Allah ya kiyaye. Amma addinin da ya saukar da sura guda da sunan masu tauye awo, ya kuma ba mu labarin mutanen Annabi Shu'aibu, bai ɗauki awo da wasa ba, kuma wadda aka gaya wa ba ɗaya take da wadda ba a gaya wa ba. Malamanmu ma sun san wannan matsalar tun tuni. Zakkar fid da kai da sa'i ake aunata, mudun Nabi huɗu, amma idan kika tambaye su kilo nawa ne, sai sun fara tambayarki shinkafa ce ko gero ko dabino.

Wuri ɗaya ne ba na sassautawa, maganar jariri. Madarar garin da muke shayi da kek da ita ba abincin jaririn da bai kai shekara ba ce, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya nonon uwa zalla take ba da shawara har wata 6. Idan lalura ta sa likita ya ce a ba shi madarar jarirai, to ɗan cokalin da ya zo a cikin gwangwanin shi kaɗai ne ma'auni, a shafe shi, a bi adadin ruwan da aka rubuta, kada a ɗauko cokalin wani kamfani a auna ta wani. Wadda ta ƙara gari don ɗanta ya yi saurin ƙiba tana ɗora wa ƙodarsa kayan da ba za ta iya ɗauka ba, wadda kuma ta ƙara ruwa don gwangwani ya kai ƙarshen wata, ciki zai cika yaro yana ramewa. Duka biyun ƙauna ce ta sa su, na sani, shi ya sa nake faɗa da babbar murya.

Kada kuma ki ji wannan duka ki raina iyayenki mata, ki ce su ba su san giram ba. Mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, ba ta taɓa ɗora komai a sikeli ba, amma girkinta bai taɓa ba ta kunya ba. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, kuma haka ne, sai dai idon da ya san kimar nan ido ne da ya shekara talatin yana kallon gwangwani ɗaya da tukunya ɗaya da hannu ɗaya. Gwaggon autata ma ba ta yi mata ƙarya ba, gwangwani 8 ɗin gaskiya ne a madafinta da madararta. Abin da ya faru shi ne maganar ta bi waya ta zo, madarar da hannun suka tsaya a can. Ku kuwa yanzu daga nesa kuke karɓar girki, yau daga Kano, gobe daga Legas, jibi daga ƙasar da ba ku taɓa takawa ba, madarar ma kowane zuwa kasuwa da irin wadda za a tarar. A irin wannan zamani giram shi ne yaren da madafinki da na waccan matar za su ji juna da shi, shi ya sa idan ke ma za ki koya wa wata tuwon madara ko gullisuwa, ki faɗa mata gwangwani nawa, ki kuma faɗa mata nauyin gwangwanin naki, kada ki bar ta da rabin zance.

Autar nan tawa har yau tana yogot ɗinta, akwai wata 'yar takarda manne a jikin murfin robarta, ta rubuta sunan madara da nauyin gwangwani da ranar da ta auna. Ke ma kafin girkinki na gaba ki nemi sikeli, ki auna kofinki da cokalinki, ki rubuta ki manna inda idonki zai riƙa gani. Allah ya yi miki albarka, ya sa albarka a hannunki.